Baƙo a cikin kiristal: yadda ake renon kiristal tilo mai ɗauke da ƙwayoyin nano, da yadda ake tabbatar da cewa sun shiga

Duk wanda ya taɓa sayen ƙanƙara a Yamai cikin watan azumi, irin wadda ake daskararwa a leda, ya riga ya ga tushen matsalar da za mu yi bayani a kanta, ko da bai lura ba. Gefen ƙanƙarar garau yake kamar gilashi, amma tsakiyarta fara ce fat, cike da kumfa da ƴan tsage-tsage. Dalili shi ne ruwa yana fara daskarewa daga waje, kuma yayin da ƙwayoyinsa suke jeruwa sahu-sahu ba sa barin abin da ba nasu ba ya shiga sahun. Iskar da ta narke a ruwan da ɗan gishirin da ke cikinsa sai a yi ta ingiza su gaba, har su taru a tsakiya inda babu sauran wurin gudu. Wannan ba halin ƙanƙara kaɗai ba ne. Kowane kiristal mai korar baƙo ne, kuma da wannan halin nasa masu tace sukari da masu haɗa magani suke tsarkake kayansu tun da daɗewa.

Fannin binciken da ke gabanmu yana neman akasin haka. Ana so a reni kiristal guda ɗaya marar aibi, sannan a sa ya haɗiye wasu ƙananan ƙwayoyi na wani abu dabam, ya riƙe su a cikinsa ba tare da shi ya lalace ba, ba tare da su ma sun rikiɗa ba. A ganina renon ba shi ne babban aiki ba. Babban aikin shi ne kawo hujjar cewa baƙon ya shiga, an san inda ya zauna, kuma har yanzu shi ne wanda aka zuba tun farko.

Kiristal shi ne duk wani daskararren abu da ƙwayoyin zarrarsa suka jeru bisa tsari guda mai maimaita kansa ta kowace fuska. Kantun gishirin da ayarin raƙuma ke kawowa daga Balma kiristal ne, amma ba guda ɗaya ba: miliyoyin ƙananan kiristal ne da suka manne da juna tare da laka, kowane ya fuskanci inda ya ga dama. Idan kuwa aka ɗauki ƙwayar gishiri ɗaya tsarkakakkiya aka duba ta da madubi mai ƙara girma, za a ga ɗan akwati mai kusurwoyi daidai, wanda sahunsa bai karye ba daga wannan gefe zuwa wancan. Wannan shi ake kira kiristal tilo. Mutanen Adar sun san irinsa a faifan dutsen jipsum mai ɗaukar ido da ake tonowa a yankin, dutsen da ke cikin kayan haɗa siminti a Malbaza. Bambancin yana da muhimmanci ga mai aiki da haske, domin duk inda kiristal biyu suka haɗu akwai iyaka, kuma kowace iyaka tana warwatsa haske. Shi ya sa kantu ba a gani ta cikinsa, alhali gishiri guda gani ake yi har ɗaya gefen.

Kiristal ɗin da aka fi yawan gwaji da shi a wannan fanni shi ne KDP, gishirin fotasiyam da fosfat mai alamar KH2PO4. Manoman rani da ke amfani da takin da ake narkarwa a ruwa mai lamba 0-52-34 suna riƙe da wannan sinadari a hannunsu, sai dai na gona bai kai tsarkin na ɗakin gwaje-gwaje ba ko kusa. Abin da ya ɗaga darajar KDP shi ne yana iya ninka bugun haske. Idan aka haska masa leza mai tsawon zango nanomita 1064 (tsawon zango shi ne ke yanke kalar haske, nanomita kuma kashi ɗaya ne cikin miliyan dubu na mita), wadda ido ba ya gani, a kusurwar da ta dace, wani kaso na hasken yana fitowa kore shar mai nanomita 532. Peter Franken da abokan aikinsa ne suka fara nuna wannan al'amari a Jami'ar Mishigan ta Amurka a 1961, da dutsen kwaz da lezar yakutu, kuma ɗigon hasken da suka samu ya yi ƙanƙanta har masu buga mujallar suka ɗauka datti ne suka goge shi daga hoton. A yau babbar cibiyar leza ta NIF da ke Kalifoniya, mai bakin leza 192, tana amfani da faifan KDP masu faɗin kusan santimita 40 wajen mayar da haskenta daga nanomita 1053 zuwa 351. Da can renon kiristal mai wannan girma yakan ci kusan shekara biyu. Dabarar saurin reno da Nataliya Zaitseva ta faro a Jami'ar Mosko ta kammala a Amurka ta mayar da shi kamar wata biyu, ga kiristal ɗin da nauyinsa ya haura kilo 300.

Sai baƙon. Semikondakta abu ne da ke tsaka-tsaki tsakanin jan ƙarfe, wanda lantarki ke bi ta cikinsa ba shamaki, da roba, wadda ke tare shi gaba ɗaya. Silikon da ke cikin farantan sola na tashar Goru Banda mai megawat 30, wadda aka buɗe a 2023, misali ne da kowa ya sani. A cikin irin waɗannan abubuwa akwai wani giɓi na makamashi da elektoron zai tsallaka kafin ya sami ƴancin yawo, kuma faɗin giɓin ne ke yanke hukuncin kalar hasken da abin zai sha da wadda zai fitar. Giɓin kadmiyam salfaid, CdS, ya kai 2.42 a ma'aunin makamashi da ake kira elektoron-bolt, shi ya sa yake shan shuɗi ya bar rawaya. Na zinki oksaid, ZnO, 3.37 ne, na titaniyam oksaid nau'in anatas kuma 3.2, saboda haka su biyun farare ne a ido, hasken da suke sha yana can bayan shuɗi inda ido ba ya kai wa.

A babban dunƙule wannan giɓi ba ya canzawa. Ko an raba dunƙulen gida dubu, kalar tana nan. Amma idan aka ci gaba da ragewa har ƙwayar ta koma ƴan nanomita kaɗan, sai lamari ya juya. Nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan dubu na mita, kuma kaurin gashin kai guda ya kai dubun-dubatarsa. Elektoron da haske ya ɗaga, tare da gurbin da ya bari a baya, suna buƙatar wani fili na kansu: kimanin nanomita 3 a CdS, kusan 6 a kadmiyam selenaid, kusan 20 a darma salfaid. Idan ƙwayar ta gaza wannan fili, an matse su ke nan, makamashinsu ya hau, giɓin ya ƙara faɗi, kala ta karkata zuwa shuɗi. Mai kalangu ya san wannan a hammatarsa: fatar ita ce dai, amma da ya matse tsarkiya sai murya ta hau. Haka sinadari ɗaya, kadmiyam selenaid, yake ba da ja idan ƙwayar ta kai wajen nanomita 6, ya ba da kore idan ta sauko wajen 3.

Wani abin lura shi ne tun ranar farko a cikin daskararren masauki aka gano wannan. Alekse Ekimov, a Cibiyar Nazarin Haske ta Vavilov da ke Leningirad, ya zuba sinadarin jan ƙarfe da kulorin cikin gilashi, ya gasa gilashin tsakanin digiri 500 da 700 na tsawon awa 1 zuwa awa 96, ya ga cewa girman ƙwayoyin da suka tsiro, daga kamar nanomita 2 zuwa 30, shi ke juya yadda gilashin yake shan haske. Ya wallafa wannan a 1981. Luwis Burus ya ga irin haka a ƙwayoyin CdS masu yawo a ruwa a ɗakunan binciken Bell a 1983, sannan Munji Bawendi ya fito da hanyar haɗa ƙwayoyi masu girma bai ɗaya a 1993. Su ukun ne suka raba kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2023.

To me zai sa a bar gilashi ko roba a nemi kiristal tilo, alhali an san halinsa na korar baƙo? Ƙwayoyin nano ba su da juriya: kusan duk jikinsu fata ce, iska da danshi suna cin su, kuma da sun sami dama sai su dunƙule su rasa abin da ya sa ake son su. Kiristal mai kyau ba shi da ƙofar da iska za ta bi. Masu bincike a Jami'ar Fasaha ta Diresdan a Jamus sun nuna a 2012 cewa ƙwayoyin kadmiyam teluraid da aka rufe cikin gishirin girki da danginsa suna daɗewa suna haske, har za su iya aikin sauya kalar fitilar LED. Bayan kariya, akwai burin haɗa baiwa biyu a jiki ɗaya: masaukin yana ninka haske, baƙon kuma yana amsa haske mai ƙarfi ta hanyarsa, don haka ana sa ran abin da ya fito zai yi abin da ɗayansu shi kaɗai ba zai iya ba, kamar tare hasken leza idan ya wuce kima domin kare ido ko na'ura.

Hanyoyin renon manya biyu ne. Ta farko ita ce ta ruwa, kuma ita ce ta KDP, domin zafi yana lalata shi da zarar ya haura digiri 200. Ruwa giram 100 yana narkar da kamar giram 22 na KDP a digiri 20, da kamar giram 33 a digiri 40. Sai a ƙosar da ruwa mai ɗumi har ya ƙi karɓar ƙari, a tace shi, a rataya ɗan ƙaramin kiristal mai tsafta a ciki, wanda ake kira iri, sannan a riƙa sauke zafi a hankali, ƙasa da digiri ɗaya a yini, ko kuma a bar zafin yadda yake a bar ruwan ya riƙa ƙafewa kaɗan-kaɗan ta ƴan hudojin murfi. Ko ta wace hanya, ruwan yana wuce ƙoshi da ɗan kaɗan, kuma rarar tana sauka kan irin. Duk dabarar tana cikin wannan «ɗan kaɗan». Idan rarar ta yi yawa, ruwan ba ya jiran iri, sai ya haifi ɗaruruwan ƙananan kiristal ko'ina. Masu gishiri a Balma wannan suke so, shi ya sa suke fasa ɓawon da ke kwantawa a saman ruwan ramukansu domin ya nutse wani ya sake fitowa. Mai renon kiristal tilo kuwa wannan shi ne asararsa.

Hanya ta biyu ita ce ta narkarwa da wuta, wadda ta dace da gishirin girki mai narkewa a digiri 801, da fotasiyam kuloraid a 770, da fotasiyam buromaid a 734. Ana taɓa saman narkakken da iri, a riƙa juya shi ana janyewa sama milimita kaɗan a awa, kiristal yana bin sa kamar yadda zare ke bin mazari. Sunan dabarar na Yan Cokuralski ne, ɗan ƙasar Folan da ya gano ta a 1916, kuma da ita ake jan silikon na yawancin farantan sola da ƙwaƙwalwar wayoyin da ke hannunmu. Maƙwabtanmu a jami'ar Kusantina ta Aljeriya sun yi aiki da wannan hanya wajen saka ƙwayoyin CdS da ZnO cikin irin waɗannan gishirai. Matsalarta a fili take: a irin wannan zafi ƙwayar nano tana iya narkewa, ko ƙananan su ƙare manyan su ƙara girma, don haka girman da aka auna kafin zubawa ba ya zama hujja a kan girman da ke ciki bayan an huce.

A kan fuskar kiristal ake yin kokawar gaske. Kiristal ba ya kumbura kamar ƙullin fanke. Hawa-hawa yake ginuwa, kowane hawa kaurinsa bai kai nanomita ɗaya ba, kuma gefen hawan yana tafiya a kan fuskar kamar yadda magini ke bin layin bulo. Tubalin tsarin KDP nanomita 0.745 ne ta fuska biyu, 0.697 ta ta uku. Ƙwayar nano mai nanomita 10 ta ninka wannan fiye da sau goma ta kowane gefe, wato kamar a ce an ajiye randa a kan layin da ake jera bulo. Idan hawan yana tafiya a hankali, ruwa yana samun lokacin shiga tsakanin ƙwayar da fuskar, sai a yi ta tura ta gaba kamar kumfar cikin ƙanƙara. Idan yana sauri, yana rufe ta, amma sau da yawa tare da ɗigon ruwa da ya maƙale, wanda shi kansa aibi ne. Idan kuma ƙwayoyin suka yi yawa suka kafe a gefen hawan, suna iya tsayar da shi cak, fuskar ta daina girma, kiristal ya fito a tsuke ko a karkace. Tsakanin turawa da maƙalewa da tsayawa akwai ƴar siririyar hanya, kuma ita kowa yake nema.

Sannan fuskokin ba halinsu ɗaya ba. KDP yana fitowa kamar ginshiƙi mai gefe huɗu da hula mai tsini a sama da ƙasa. Fuskokin hular suna ƙarewa da fotasiyam mai cajin ƙari, don haka suna jan abin da ke da cajin ragi. Fuskokin ginshiƙin kuwa su ne ke kama ƙarfe da alminiyam da kuromiyam idan sun gurɓata ruwan. Masu bincike a Cibiyar Kiristal ta Karkib a Yukiren, waɗanda suka daɗe suna saka anatas cikin KDP, sun nuna cewa ƙwayoyin suna lulluɓa da fosfat a cikin ruwan, su ɗauki cajin ragi, su fi shiga ta ɓangaren hula, kuma ba barbaje suke zama ba, jeri-jeri suke kwanciya tsakanin tarin hawa. Ma'anar wannan ga mai awo babba ce: yanka biyu daga kiristal guda suna iya ba da sakamako biyu, kuma rahoton da bai faɗi daga wane ɓangare aka yanko ba ya bar rabin labari.

Akwai wani tarko da na ga ana yawan faɗawa. Ruwan KDP yana da ɗan tsami, ma'auninsa na pH yana wajen 4, kuma zinki oksaid narkewa yake yi a ruwa mai irin wannan tsami. Wanda ya zuba garin ZnO na nano a wannan ruwa ya juya na awanni, mai yiwuwa ne abin da ya rage ba ƙwayoyi ba ne, narkakken zinki ne kawai, ko ma wani sabon gishiri na zinki da fosfat. Kiristal zai fito, awo zai nuna akwai zinki a ciki, amma babu semikondakta ko ɗaya. Shi ya sa suturar da aka yi wa ƙwayar take da muhimmanci kamar ƙwayar kanta. Halittu sun riga mu sanin wannan: ƙayar bushiyar teku tana amsa awo kamar kiristal tilo na alli, alhali akwai furotin a cikinta, kuma masu bincike a Jami'ar Lids ta Ingila sun kwaikwayi haka, suka lulluɓe ƙwayoyin zinariya da wani siririn sinadari har alli ya haɗiye su da yawa. Wata dabarar kuma ita ce a zaɓi baƙo da masauki masu tazarar sahu kusan ɗaya, kamar yadda aka yi a Jami'ar Toronto a 2015 da darma salfaid cikin wani nau'in kiristal da ake kira ferobsikait.

Na taɓa tsayawa a kan aikin wata ɗaliba a wani ɗakin gwaje-gwaje a nan Yamai. Ta yi mako uku tana lallaɓa kwalbarta, ta fito da kiristal kamar rabin kwalin ashana, mai ɗan ruwan ɗorawa a jiki, ta ɗora shi a takardar tacewa tana murna. «Malam, dubi kalar, sun shiga.» Na ce ta sa safar hannu, domin kadmiyam guba ne, ta tsoma shi a ruwa mai tsafta na ƴan daƙiƙoƙi ta ciro. KDP yana narkewa da sauri, don haka tsomawar ta ɗauke fatar waje kawai. Abin da ya fito garau yake kamar gilashin tabarau, kalar kuma ta zauna a cikin kofin. Ta yi shiru, can ta ce, «To Malam, mako ukun fa?» Na ce mako ukun ya saya mata sakamako na farko na gaskiya, ta rubuta shi yadda yake, mu duba tsamin ruwan da saurin ƙafewarsa kafin a sake.

Wankin nan shi ne awo na farko, kuma kyauta ne. Na biyu ma kusan kyauta ne: a kashe fitila, a haska ƴar lezar nuni kore ta cikin kiristal. A tsarkakakke ba a cika ganin hanyar hasken ba. A mai ƙwayoyi kuwa hanyar tana bayyana, kamar hasken tocila a daren hunturu mai ƙura. Amma ɗigon ruwan da ya maƙale ma yana yin haka, saboda haka dole a reni wani kiristal marar sirki a gefe, daga ruwa iri ɗaya, a rana ɗaya, domin kwatanci. Aikin da ba shi da wannan ɗan'uwan kwatanci ban cika ba shi amana ba.

Daga nan sai manyan na'urori. Hasken eksire, wanda muke ce wa radiyo a asibiti, tsawon zangonsa ya yi daidai da tazarar ƙwayoyin zarra. Wanda aka fi amfani da shi, na jan ƙarfe, nanomita 0.154 ne. Maks fon Lawe ya nuna a 1912 cewa kiristal yana karkatar da shi, Biragi uba da ɗa suka mayar da hakan ma'auni a 1913. Da shi ake gane ko masaukin ya riƙe tsarinsa, kuma idan aka riƙa karkata kiristal kaɗan-kaɗan ana auna faɗin ƙololuwar hasken da ya dawo, ana gane yawan murɗewar da baƙon ya jawo. Ƙwayoyin nano su ma suna ba da tasu ƙololuwa, mai faɗi saboda ƙanƙantarsu, kuma daga faɗin ake lissafa girmansu da ƙa'idar da Fol Shera ya fitar a 1918.  Sai dai na'urar eksire ta gari ba ta cika ganin abin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na nauyi ba, alhali sirkin da kiristal ke karɓa ba tare da ya dushe ba yakan gaza haka nesa ba kusa ba. Rashin ganin ƙololuwar baƙo ba hujja ba ce cewa babu shi, ba kuma hujja ba ce cewa «ya shiga cikin tsari», kamar yadda wasu rahotanni ke rubutawa.

Awon sinadarai yana faɗin akwai kadmiyam ko titaniyam, da yawansa, amma ba ya faɗin a dunƙule yake ko a narke. Awon shan haske ya fi kusa da amsa. KDP yana barin haske ya wuce daga wajen nanomita 200 har ya zarce abin da ido ke gani, don haka idan wani sabon gaci ya bayyana a inda semikondaktan ke sha, kuma ya gusa zuwa shuɗi idan aka kwatanta da na babban dunƙule, wanda ga CdS yake wajen nanomita 512, to wannan alama ce mai ƙarfi. Nan ma akwai ruɗi, domin warwatsuwar haske tana ƙaruwa ta ɓangaren shuɗi, kuma wanda ya ƙagu zai iya ɗaukar dushewa a matsayin sha. Shi ya sa ake haɗawa da awon hasken da ƙwayar ke fitarwa bayan an tsokane ta, da awon Raman, wanda ke gane kowane sinadari ta rawar da ƙwayoyin zarrarsa ke yi, har ya bambanta anatas da ɗan'uwansa rutil.

Gani da ido sai da madubin elektoron mai ratsa abu, kuma shi yana buƙatar yanki da kaurinsa bai wuce nanomita 100 ba. Ga KDP wannan wahala ce, domin ba a goge shi da ruwa, kuma harbin elektoron yana ƙona shi tun ana kallo. Mafitar da ake bi ita ce a wanke kiristal, a yanko tsakiyarsa, a narkar da shi, a duba abin da ya rage. Wannan yana nuna girman ƙwayoyin da siffarsu, amma ya rushe shaidar inda suka zauna. Kowane awo yana ba da abu ɗaya ya hana wani, kuma hujja tana tsayuwa ne idan uku ko huɗu suka yi magana da baki ɗaya.

Inda nake da ja sosai shi ne awon ninka haske. Hanyar da Kurz da Feri suka fitar a 1968 ita ce a niƙa kiristal ya zama gari, a haska masa leza, a auna koren da ya fito. An ƙirƙiro ta domin tantance sababbin sinadarai da sauri, ba domin auna ƙaramin bambanci ba, kuma sakamakonta yana hawa yana sauka bisa laushin garin da yadda aka danna shi. Idan rahoto ya ce sirki ya ƙara ninkawa da wani ɗan kaso, amma bai ce an tankaɗe garin biyu da rariya ɗaya ba, to watakila turmi aka auna. Banda haka, an sha wahalar renon kiristal tilo, sannan aka niƙe shi kafin a gwada. Awon da ya dace shi ne a yanka faifai a kusurwar ninkawa, a goge, a auna da ƙarfin leza daban-daban, a kuma nemi ƙarfin da yake fasa shi. A nan ne ake ganin farashin baƙo: masu renon kiristal na NIF suna tace ruwansu ba dare ba rana domin fitar da ƙananan ƙwayoyi, saboda kowace ƙwaya mai shan haske tana iya zama wurin da fashewa za ta fara. Wani yana tacewa, wani yana zubawa, kuma kowannensu yana da gaskiya a irin ƙarfin hasken da yake aiki da shi.

Ga mai son gwadawa a Yamai ko Tawa, hanyar ruwa ba ta fi ƙarfinmu ba: kwalba, ruwa tatacce, sinadari mai tsarki, da haƙuri. Abokin gabar shi ne zafi. Daga alƙaluman da suka gabata, faɗuwar digiri 10 tana sa lita guda ta ƙosasshen ruwa ta amayar da kimanin giram 50 na KDP, kuma a lokacin rani bambancin rana da dare a nan yakan haura haka. Idan na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya da rana saboda ɗaukewar wuta, irin ya fara narkewa. Ta dawo da dare, gari ya waye gindin kwalba ya cika da tsakuwar kiristal. Na ga cewa ya fi aminci a manta da sanyaya ɗakin, a nutsa kwalbar cikin babban mazubin ruwa mai rufi, a riƙe shi sama da zafin ɗaki da ɗan abin ɗumamawa mai aiki da batirin sola, domin ɗumamawa ta fi sanyayawa sauƙin sarrafawa, kuma ruwa mai yawa ba ya saurin canza zafi. Ƙurar hunturu ma iri ce da ba a gayyata ba, don haka murfi da tacewa ba abin wasa ba ne.

Manyan awo kuwa sau da yawa sai an aika samfur wani wuri, kuma a nan ma akwai abin kiyayewa. Gishirin girki yana fara shan ruwa daga iska idan danshi ya kai kashi 75 cikin ɗari, wanda a watan Agusta ba abin mamaki ba ne a bakin kogin Kwara, kuma fuskar KDP da aka goge tana dushewa idan ta daɗe a iska mai laima. Ana nannaɗe kowane yanka shi kaɗai, a rufe shi a kwalba tare da ƙullin sinadarin shan danshi, a rubuta a jiki daga wane ɓangare aka yanko shi, hula ko ginshiƙi, da nisansa daga iri, sannan a haɗa da yankan ɗan'uwansa marar sirki a cikin kwali ɗaya.